Ciki da Falo Ɗaya, Ma'aurata Biyu: Amsa ga Mai Shirin Tafiya a Jirgin Ruwa

"Assalamu alaikum Anti. Ni matar aure ce a Abuja, shekararmu 9 da aure, Allah ya ba mu 'ya'ya uku. Maigidana da amininsa tun na makarantar sakandare sun shirya mu tafi yawon shaƙatawa na kwana 7 a babban jirgin ruwa a Bahar Rum, mu hau daga Barsalona, mu biya ta Marseille da Jenowa da Civitavecchia da Palermo da Malta. Ejan ɗin da ke shirya tafiyar ya ba su shawarar mu huɗu mu kama ciki da falo ɗaya mai baranda, wai ya fi sauƙin kuɗi kuma akwai alfarmar da ake yi wa masu irin wannan masauki. Maigidana ya riga ya amsa, an biya kafin alƙalami, saura wata huɗu a tafi. Matar aminin nasa mutuniyar kirki ce, amma gaisuwar biki da suna ce kawai tsakaninmu. Tun da aka faɗa mini hankalina bai kwanta ba, ga shi ina tsoron in yi magana a ce ina da girman kai ko ina neman shiga tsakanin aminai. Don Allah ki ba ni shawara."

Wa alaikumus salam, ƙanwata. Shawarata ita ce ki yi magana, kuma ki yi ta cikin wannan makon, tun kafin a biya ragowar kuɗin. Kada ku huɗu ku kwana a masauki ɗaya sai idan an tabbatar muku a rubuce cewa ɗakunan kwana biyu ne, kowane da ƙofarsa da ake kullewa, kowane da banɗakinsa. Idan aka rasa ko da ɗaya daga cikin waɗannan, to ku nemi ɗakuna biyu da ke maƙwabtaka da juna, ko da ba su kai wancan kyau ba. Zan faɗa miki dalilaina dalla-dalla, domin ki sami abin da za ki gabatar wa maigidanki wanda ya wuce "raina ne kawai bai so ba", ko da yake wannan ɗin ma ya isa a saurare shi.

Abin da ya kamata ku fara bincikawa shi ne abin da ejan ɗin yake nufi da ciki da falo. Mu idan muka ji wannan suna, abin da ke zuwa mana a rai shi ne ɗaki da bango da ƙofa, sannan falo daban. A cikin jirgin ruwa ba kullum haka abin yake ba, domin kowane taku na fili kuɗi ne. Ɗakin fasinja na yau da kullum yakan kasance tsakanin murabba'in mita 15 zuwa 20, har da banɗakinsa. Yawancin masaukan da ake tallatawa da sunan ciki da falo, musamman ƙananansu, ɗaki ɗaya ne da aka ƙara wa faɗi, gado a wannan gefe, doguwar kujera a wancan, wani lokaci da labule a tsakani, wani lokaci ma babu labulen. Idan aka rubuta cewa masaukin yana ɗaukar mutum huɗu, ma'anarsa galibi ita ce mutum biyu a kan gado, biyu a kan kujerar da ake buɗewa ta zama gado da daddare, ko kuma a kan gadon da ake saukowa da shi daga silin. An tsara wannan ne domin uba da uwa da 'ya'yansu ƙanana. Akwai masaukai masu ɗakin kwana biyu na gaske a wasu jiragen, amma kaɗan ne, suna da tsada, kuma sau da yawa ɗaki na biyun ƙarami ne ƙwarai idan aka gwada shi da na farko. Saboda haka ku nemi sunan jirgin da lambar masaukin da zanen cikinsa. Kamfanonin suna wallafa zanen kowane hawa na jirgi a shafukansu na intanet, kuma da ido ɗaya za ki gane ko layin da ke tsakanin gado da falo bango ne ko labule.

Na taɓa yin irin wannan tafiya da maigidana da 'yarmu da ƙanwata wadda ta taso a hannuna, kuma har yau ina tuna yadda ɗakin yake komawa bayan sallar Isha. Ma'aikacin da ke gyara ɗaki yakan shigo muna wurin cin abinci ya buɗe kujerar, kafin mu dawo ta cinye falon gaba ɗaya, har sai mutum ya bi ta gefen ƙafafun masu barci kafin ya kai ƙofar baranda. Banɗakin ɗaya ne, ƙofarsa kuma tana kallon gadon. Masan jirgin ruwa da iska yake zuƙe ƙazanta, saboda haka duk wanda ya danna shi da tsakar dare, ƙarar takan tashi kowa. Da asuba mukan yi layin alwala, sannan mu yi salla ɗaya bayan ɗaya domin filin da ya rage bai wuce na sallaya guda ba. Mu da muke jini ɗaya, babu mai jin nauyin wani, sai da muka yi haƙuri da juna. Ki ɗauki wannan hoton ki cire ƙanwata da 'yata, ki sa namijin da ba muharraminki ba da matarsa, za ki ga abin da zuciyarki ta hango tun kafin ki iya faɗarsa da baki.

Nan ne ainihin maganar take. Aminin mijinki, komai kusancinsu da komai kirkinsa, ajnabi ne a gare ki, haka mijinki yake ga matarsa. Wannan yana nufin kwana 7 ba za ki cire ɗankwali ba sai a cikin banɗaki, za ki shiga wanka da kayan sawarki a hannu ki shirya a wurin da ko juyawa da ƙyar ake yi, za ki kwanta da hijabi a kusa da kai saboda ba ki san lokacin da wani zai tashi ba. Mutum kuma ba ya iko da jikinsa idan barci ya ɗauke shi. Allah Maɗaukakin Sarki ya ambaci lokuta uku a aya ta 58 ta Suratun Nur, kafin sallar Asuba, da lokacin da ake tuɓe tufafi da tsakar rana, da bayan sallar Isha, ya kira su lokutan tsiraici, ya umarci har yaran gida da su nemi izini kafin su shiga a cikinsu. Idan ɗan da kika haifa ana koya masa sallama a waɗannan lokutan, to ina ga baƙon namiji da zai kwana taku uku daga gadonki? Sannan ga matsalar keɓancewa, wadda ba sai da mugun nufi take faruwa ba. Ya isa a ce mijinki ya hau sama shan iska, matar aminin ta tafi karin kumallo, ke kin tsaya saboda ciwon kai, shi kuma ya dawo ɗaukar wayarsa da ya manta. Kowa yana da katinsa na buɗe ƙofa, kuma babu wanda zai ga ya kamata ya ƙwanƙwasa ƙofar ɗakin da ya biya kuɗinsa. Kakanninmu da suka gina zaure suka raba shi da cikin gida sun san abin da suke karewa, kuma ko a aikin Hajji, inda cunkoso ya kai maƙura, hukumomin alhazai suna raba ɗakunan maza da na mata.

Ko da an ajiye batun sutura gefe, akwai haƙƙin auren kansa. Mace mai 'ya'ya uku da ta sami mako guda babu kai yara makaranta, babu girki, babu baƙi, abin da ta fi buƙata shi ne ta zauna da mijinta su yi hirar da suka daɗe ba su yi ba. A masaukin mutum huɗu wannan ba zai samu ba, domin mazan za su koma hirarsu ta makaranta da kasuwa da siyasa, ku matan kuma a bar ku kuna neman abin da za ku ce wa juna. Harshe da haƙori ma suna saɓawa, kuma ƙaramin saɓanin da miji da mata za su kashe cikin minti biyar idan su kaɗai ne, yakan kumbura idan akwai masu kallo, domin kowa zai ƙi saukowa a gaban baƙi. Haka nan za ku ga abin da bai kamata ku gani ba na waɗancan: yadda yake yi mata magana idan ransa ya ɓaci, maganin da take sha, minsharin wani, wayar da ake yi da dangi a kan matsalar gida. Amincin da ya kai shekara ashirin ya rayu ne a kan cewa kowa yana komawa gidansa da daddare. Ina jin tsoron mako ɗaya a ɗaki ɗaya ya haifar da raini ko ƙullin da ba za a faɗa ba, a dawo Abuja gaisuwa ta fara yin sanyi ba tare da kowa ya san inda abin ya faro ba.

Akwai kuma jirin teku. Manyan jiragen nan ba su cika tangaɗi ba, amma mashigin tekun da ke kudancin Faransa, wanda za ku ratsa tsakanin Barsalona da Marseille, sananne ne da iska mai ƙarfi da ke kaɗowa daga arewa, kuma idan ta taso har babban jirgi yakan ji a jikinsa. Wanda bai taɓa hawa teku ba bai san yadda cikinsa zai karɓa ba. Amai da kwanciya a galabaice abu ne da mace za ta so mijinta kaɗai ya gani. Ki tanadi citta da maganin jiri bisa shawarar likita, kuma idan za a zaɓi sababbin ɗakuna, na tsakiyar jirgi a hawa na ƙasa-ƙasa sun fi kwanciyar hankali.

Sai maganar kuɗi, wadda ita ce hujjar ejan. Gaskiya ne akwai rangwame, kuma ga inda yake fitowa: kamfanonin jiragen suna yanka farashin kowane ɗaki a kan mutum biyu na farko, sannan na uku da na huɗu su biya ƙasa da haka. Gaskiya ne kuma masu manyan masaukai suna samun alfarma, kamar shiga jirgi ba tare da dogon layi ba, a wasu jiragen har da wurin cin abinci na musamman da hadimi. Amma ku sa ejan ɗin ya rubuta muku lissafi biyu gefe da gefe, jimillar kuɗin ciki da falon na mutum huɗu, da jimillar kuɗin ɗakuna biyu masu baranda a jirgin nan a ranar nan. Sau da yawa bambancin ƙarami ne, wani lokaci ma ɗakuna biyun ne suka fi araha, domin manyan masaukai su ne mafi tsada a cikin jirgi. A sa har da tukwicin ma'aikata, wanda ake cira kowace rana a kan kowane fasinja, kuma a wasu kamfanonin ya fi yawa ga masu manyan masaukai. Sannan akwai tambayar da na tabbata aminan nan biyu ba su yi wa juna ba saboda kunya: idan an raba kuɗin biyu daidai, wa zai kwana a gado, wa zai kwana a kujera? Duk wanda aka bar wa kujera zai ce babu komai, amma matarsa za ta kwana bakwai tana jin ƙarfen kujerar a bayanta tana tuna cewa kuɗinsu ɗaya da na masu gado. A cikin jirgi kuma ba a ciniki da tsabar kuɗi, katin buɗe ƙofa shi ne na sayayya, komai yana taruwa a asusu har daren ƙarshe. Ko a wane masauki kuka sauka, kowane gida ya haɗa katinsa da nasa katin banki tun ranar shiga.

Wani haɗarin da ba a cika hangowa ba shi ne biza. Sifaniya da Faransa da Italiya da Malta duk suna cikin yankin Schengen, wato ƙasashen Turai da ake shiga da biza ɗaya, saboda haka mai fasfon Najeriya sai ya nemi bizar yankin, wadda kuɗinta ya koma Yuro 90 ga babba tun watan Yunin 2024, kuma ba a mayar da shi idan an hana. Ana duba takardun kowane mutum ne daban, don haka yana yiwuwa a ba uku a hana ɗaya. Idan ku huɗu kuna cikin rajista ɗaya, matsalar gida ɗaya ta zama ta kowa: waɗanda suka fasa za su yi asarar wani kaso da ke ƙaruwa yayin da ranar tafiya ke matsowa, har ya kai dukan kuɗin a makonnin ƙarshe, waɗanda suka rage kuma su ne za a lissafa a matsayin mutum biyu na farko, su ɗauki cikakken farashin babban masauki. Haka abin yake idan rashin lafiya ko rasuwa ta gitta, Allah ya kiyaye. Rajista biyu daban tana raba wannan nauyin. Ana karɓar takardun neman bizar tun saura wata shida a tafi, don haka ku kai naku yanzu, kuma ku sayi inshorar tafiya da ta ƙunshi fasawa.

Kada kuma maigidanki ya ce a bari sai an shiga jirgin, in abin bai yi ba a nemi wani ɗaki. Jiragen nan sukan tashi a cike, musamman lokacin hutun bazarar Turai, kuma sunan kowane fasinja yana ɗaure ne da ɗakinsa da wurin da zai taru idan an yi gaggawa, gwargwadon yawan kwale-kwalen ceto. Tun bayan hatsarin jirgin Costa Concordia a gaɓar tsibirin Giglio na Italiya a watan Janairun 2012, wanda mutum 32 suka rasu a cikinsa, aka tsananta dokar yin atisayen ceto tun kafin jirgi ya bar tasha ko da zarar ya tashi. Sauya ɗaki a tsakiyar teku abu ne da sai an yi sa'a.

Abin da nake ganin zai haɗa muku zumuncin da sutura shi ne ɗakuna biyu a jere. A jirage da yawa ana iya roƙon ma'aikata su buɗe allon da ya raba barandu biyu na maƙwabta, sai ku zauna ku huɗu ku sha shayi da la'asar kuna kallon teku, idan dare ya yi kowa ya ja ƙofarsa. Akwai kuma ɗakuna masu ƙofa a tsakani, amma ni na fi son marasa ita, domin sauti yana ratsa irin wannan ƙofar fiye da bango. Ku sa a haɗa lambobin rajistarku biyu domin a ba ku tebur ɗaya a wurin cin abincin dare, kuma a nan ne za ku nemi a rubuta muku buƙatar abincin halal tun da wuri. Ranar da jirgi ya tsaya Civitavecchia ku tafi birnin Roma tare, tafiyar kamar awa ɗaya ce a jirgin ƙasa, sai dai ku dawo da wuri domin jirgin ruwa ba ya jiran wanda ya makara da yawon kansa. Ranar Palermo ko Malta kuma ki ce kina son ku fita ke da mijinki kawai. Wanda ya yi barci ya ƙoshi a ɗakinsa ya fi sakin fuska da safe.

Game da yadda za ki tunkari maigidanki, ki tuna cewa ya riga ya ba amininsa kalma, kuma abin da zai fi yi masa nauyi shi ne janye ta. Kada ki fara da laifin cewa bai shawarce ki ba, ko da yake da ya yi hakan da ya fi. Ki zaɓi lokacin da yara suka yi barci, ki fara da godiya, domin namijin da ya yi tunanin kai matarsa irin wannan tafiya ya cancanci a gode masa. Sannan ki ce masa wani abu kamar haka: "Abban yara, na ji daɗin tafiyar nan ƙwarai, kuma ina son mu tafi da su. Abin da ke damuna shi ne wurin kwana. Ba zan iya sakewa ba a ɗakin da wani namiji yake, kuma na san kai ma ba za ka so ya gan ni yadda kai kaɗai kake ganina ba. Ina roƙon a duba mana ɗakuna biyu a jere." Ki nuna masa zanen masaukin a waya. Mafi yawan maza idan suka ga gadon da kujerar a zane, suka tuna matarsu ce za ta kwanta a wurin, da kansu suke sauya shawara, domin sau da yawa lissafin kuɗi ne ya rufe musu ido ba su hango daren ba.

Shi ne kuma zai yi magana da amininsa, kuma ki roƙe shi kada ya ce "matata ce ta ƙi". Ya ce ya duba zanen ya ga wurin ba zai wadaci iyali biyu ba, wanda kuma gaskiya ne. Kada ki kira matar aminin ki fara kai mata ƙorafi kafin mazan su gama, domin magana idan ta bi ta wannan hanya takan isa da wata kama. Ina kyautata zaton ita ma tana can da irin damuwarki tana jin nauyin furtawa. Bayan an daidaita, sai ki kira ta ko ki kai mata ziyara, ku yi shawarar kayan sanyi da abin da za ku riƙe na ci, ki nuna mata kina murnar tafiya da ita.

Idan bincike ya nuna masaukin mai ɗakin kwana biyu ne da banɗaki biyu, kuma zuciyarki ta natsu, to babu laifi ku karɓa, amma a yi magana tun a gida. A amince cewa falo wuri ne na kowa wanda ake shiga da cikakkiyar sutura da sallama, babu namijin da zai zauna a masaukin idan matar ɗayan ce kaɗai a ciki, kuma masu ƙaramin ɗaki su biya ƙasa da masu babba, a faɗi adadin a fili. Idan akwatin ajiyar kuɗi da fasfo ɗaya ne, a san wanda zai yi amfani da shi. Idan kuwa ɗaki ɗaya ne da labule, kuma ejan ya ce sauyawa za ta jawo asarar wani abu daga kafin alƙalamin, ku nemi ya nuna muku sharuɗɗan kamfanin a rubuce, domin saura wata huɗu galibi lokaci ne da sauyi bai yi tsada ba tukuna. Ko da za a yi asarar, ki gaya wa maigidanki kin yarda a rage daga kuɗin tsaraba, ko a ɗauki ɗaki marar baranda, a cike giɓin. Allah ya kai ku lafiya ya dawo da ku lafiya, ki rubuto mini abin da ejan ɗin ya ce idan kun nemi zanen.